Bishiya Mai Shan Ruwa Ta Ka

Abu na farko da aka karɓe mini a Alƙahira fasfo ne. Na biyu sunana. Ni Ado nake tun ranar da aka yanka mini rago, amma Usta Rajab, shugaban ma'aikata a gandun dashen da aka kai ni, ya ce ba zai wahalar da bakinsa ba, daga yau ni Adam ne. Ya zura fasfon a aljihun jallabiyarsa, ya ce za a buga mini iƙama, wato izinin zama. Na ce yaushe? Ya ce, "Bukra." Aka ce mini gobe ke nan. Na ɗauka irin gobenmu ce, wadda gari ke wayewa a same ta.

Ni manomin rani ne daga wajen Kadawa. Tumatir da albasa su ne abincina, amma abin da aka fi sanina da shi dashe ne: mangwaro, gwaba, lemo, gwanda. Mutane kan ce hannuna yana da sanyi, abin da na dasa ba ya mutuwa. Wannan yabon ne ya kai ni Masar. Dillalin da ya shirya tafiyar ya ce ana neman masu irin hannuna a wata babbar gona a bakin Nilu. Nilun na gan shi, daga kan gada, ta tagar mota.

Zangona na farko a unguwar Ainu Shams ne. Ɗaki ɗaya a hawa na sama, mu da yawa, katifu a jere kamar buhunan da aka shanya. Bututun banɗaki ya fashe tun kafin zuwana, ruwansa na bin bango yana sauka daidai inda ake ajiye tukunya. Ba wanda ya damu. Da na yi magana, wani ya ce, "Malam, nan da wata guda kai ma hancinka zai musulunta." Abin alheri ɗaya a unguwar shi ne Hajja Asha, wata dattijuwa daga Sudan. Kakanninta Hausawa ne da suka tafi hajji a ƙafa, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Ran Juma'a takan yi tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, 'yan gida su taru a ci. Ranar da ta fara ganina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, da wannan 'yar rigar za ka tari sanyin Masar?" Ta shiga ta fito mini da wata tsohuwar rigar sanyi ta marigayi mijinta. Har yau tana cikin akwatina.

Zango na biyu shi ne gandun, can bayan unguwar Faisal, inda motocin haya ke ƙarewa a ci gaba da ƙafa. Yana bakin wata magudanar ruwa wadda ba ruwa ne ya fi yawa a cikinta ba. Leda, kwalabe, kunzugun yara, wata rana har da mushen jaki ya kumbura yana juyi a hankali. Da wannan ruwan muke ban ruwa. Wannan bai dame ni kamar aikin da ake yi a rumfar baya ba. Shukar da ta fara rawaya, ba a tambayar me ke damunta, fenti kore ake fesa mata. Akwai wata 'yar ƙaya mai kama da ƙyarana, sai a ɗauko busasshen fure a manna mata da gam a ka, a ce ta yi huda. Reshe a yanko shi da safe, a soka a tukunya, a danne da ƙasa, da rana a sayar wa wata baiwar Allah a matsayin dashe. A kasuwar garinmu, wanda ya sayar maka da dashe marar saiwa ya gama cin kasuwa, ko ɗansa ba zai gaji rumfar ba. A nan wanda ya fi iya wannan shi ake kira usta, wato gwani.

Na ce wa Usta Rajab ni dai a bar ni a ban ruwa da cuɗa taki. Ya yi dariya ya ce, "Tamam, ya shaihi. Kai ka yi ta aljanna, mu mu yi ta duniya."

Zafi ya fara sauka lokacin da wata babbar mota ta kawo gumagumai uku. Mu shida muka sauke kowanne. Ban taɓa ganin icce irinsu ba. Tsawonsu ya fi mutum biyu, baƙi-baƙi ja-ja, jikinsu ba ɓawo, sai wani gashi-gashi mai kauri kamar soson wanka da aka cusa aka matse. Ba reshe, ba ganye. Na zagaya gindi don in ga saiwa, sai na tarar an yanke shi da zarto, sumul, kamar an yanka rake. Na ce, "Usta, wannan ai gawa ce."

Ya ce, "Da ranta. Daga ƙarshen duniya aka kawo su, ƙasar sanyi. Haka ake sayar da su. A kafa a ƙasa, a ba su ruwa, khalas, shi ke nan."

"Wane irin ruwa? Sau nawa? Rana suke so ko inuwa?"

"Kai ne mai hannu. Ni na san ruwa?"

Wata mata ce ta yi odarsu, kowa Madam yake ce mata. 'Yarta za ta yi aure bayan sanyi, kuma ta ga irin bishiyar a hoton wani otal, ta ce sai an yi bikin a ƙarƙashinsu. Ta ce tana son wanda zai kula da su. Usta ya nuna ni da haɓa. A gabana ya ciro fasfona daga aljihu ya miƙa mata, ta jefa a jaka tare da makullin mota. Haka aka sayar da mu, kamar jaki da mangalarsa. Ban dai san cikinmu wane ne jakin ba.

Zango na uku gidan Madam ne, a wata unguwar masu hali da aka gina a cikin rairayi, nesa da gari. An ba ni ɗaki a ƙarƙashin bene, ni da injin tura ruwa. Aka kafa gumaguman a manyan tukwanen siminti a bakin tafkin wanka, kan tayil fari, inda rana ke duka daga sama, tayil ya rama daga ƙasa. Na roƙi Madam fasfona, na ce ina so ya zauna a wurina. Lokacin na fara tsintar Larabcin titi, muna fahimtar juna. Ta ɗaga tabarau ta ce, "Ya Adam, na san ku. In na ba ka yau, gobe ba ka nan. Ranar bikin 'yata, in na fito na ga kore a kan bishiyoyin nan, fasfonka na hannunka, ka tafi inda kake so. In ba kore, ka zauna har a samu."

Ni kuwa a lokacin ba abin da nake so irin gida. Matata Hadiza na can da yara, ƙanena na riƙe mini lambu riƙon da bai kai ya kawo ba. Duk wayar da muka yi sai ta ce, "Malam, yaushe?" Ni ma na koyi cewa bukra.

Na yi wa bishiyoyin abin da na sani. Na cuɗa ƙasa da taki, na yi wa kowacce ɗan fangali a gindi kamar yadda ake wa mangwaro, ina cika shi da ruwa safe da yamma. Da na hau tsani na leƙa samansu, sai na ga kan kowacce yana da rami kamar akushi, cike da gashi mai laushi. Duk wanda ya taɓa sare gwanda ya san in ruwa ya kwanta a ramin kanta, ruɓewa take yi har ƙasa. Shi ya sa muke kifa mata gwangwani. Na nemo manyan gwangwanayen fenti guda uku, na wanke su tas, na kifa wa kowacce hula. Na sauko ina jin na yi dabara. In zan yi ban ruwa har kaffa-kaffa nake yi kada tiyo ya jiƙa jikinsu.

Ta farko ta mutu kafin sanyi ya shiga sosai. Na gane ne da na ƙwanƙwasa na ji tana amsawa kamar ganga. Ta biyu ta bi ta. Na ƙara ruwa a gindi har yana malala kan tayil, na ƙara taki, na yi addu'a. Ta ukun tana tsaye, ba tsiro, ba kuma alamar mutuwa.

Usta Rajab ya zo duba wasu furanni, ya ƙwanƙwasa gumaguman shi ma, ya ja ni gefe. Ya buɗe bayan motarsa. Ganyaye ne a ciki, dogaye, kore shar, kamar gashin jimina. Na taɓa na ji roba.

Ya ce, "Ka gani? Na ajiye su tun ran da gumaguman suka iso. Ka soka su tun yanzu kaɗan-kaɗan, yau ɗaya, jibi biyu, ta ɗauka tsiro ne. Ita daga baranda take kallo. Ranar biki ka karɓi takardarka. Yalla, ɗauki."

Na ce, "Usta, ɗayar ba ta mutu ba."

"Za ta mutu."

"In ta mutu na gani."

Ya tofar da yawu a gefen takalmina ya ce, "Wallahi na ga jakai a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda aka buɗe wa turke ya ce a bari sai ciyawa ta tsiro ba."

Ba wai ni waliyyi ba ne. Na kalli ganyayen nan na ga fuskar Hadiza a cikinsu. Hannuna ne kawai ya ƙi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tura yatsa a ƙasa don ya ji ko saiwa ta kama, ba ya iya soka roba a kan abu mai rai.

Juma'ar da ta biyo na sami fita, na yi doguwar tafiya zuwa wurin Hajja Asha. A can na zauna kusa da wani mai furfura, fari, mai ƙiba, yana ta yi wa miyar sharhi. Sunansa Bitrus, Kirista ne ɗan Wusasa, kuku ne a gidan wani babban ma'aikacin ofishin jakadancinmu, kuma ya bi maigidansa ƙasashe da dama. Da ya ji inda na fito sai ya ajiye cokali.

"Hajja, kin bar Bakano ya zauna kusa da nama? Ƙirga yankan tun yanzu."

Na ce, "Bawa ba ya magana in ubangidansa na cin abinci."

"Ji shi! Wa ya kawo ka Masar, Bakano? Ko an ce maka ana sayar da dala ne ka zo taya?"

Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta. Da aka ci aka sha, na ba shi labarina, na nuna masa hoton bishiyoyin a waya. Ya kawo wayar kusa da ido, ya nisanta, ya sake kawowa.

"Mene ne wannan a kanta?"

"Gwangwani. Don kada ruwa ya shiga."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Allah! Hajja, zo ki ga kisan kai. Bakano, ka ɗaure wa tsohuwa baki, kana zuba mata ruwa a ƙafa!"

Ashe ya san ta. Maigidansa ya taɓa aiki a Ostareliya, kuma wani hutu ya tafi da shi wani tsibiri a kudancin ƙasar don ya riƙa yi musu girki. Ya ce a can akwai daji, ba irin namu ba, ba kuma irin na kudu mai zafi ba. Daji ne mai sanyi, ruwa ba ya ɗaukewa, in ba a yi mamako ba ana yayyafi, in ba yayyafi gajimare ne ke saukowa ya kwanta a tsakanin itatuwa. Ya ce ƙasa ba ta ganuwa, gansakuka ta rufe komai, dutse da gungume da jikin bishiya, in ka taka kamar ka taka katifa jiƙaƙƙiya. Manyan itatuwan wurin sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshensu, kuma mai yi musu jagora ya ce wasunsu suna tsaye tun kafin kakannin kakanninmu su san sun zo duniya. Ita wannan tawa a ƙarƙashinsu take zama, cikin inuwa, kamar laima. Rana ba ta taɓa ganin tsakiyar kanta ba.

"Wannan gashin da kake gani a jikinta, shi ne saiwarta. Duk jikin nan baki ne. Ruwa na ɗigowa daga manyan itatuwa ya cika mata ramin ka, ya gangaro ta jiki, haka take sha. Kuma a shekara ba ta ƙara tsawon da ya wuce gaɓar yatsa, in ji mutumin. Kai da ka iya lissafin kasuwa, auna wannan tsawon ka gaya mini shekarunta."

Ban iya aunawa ba, amma na tuna da gida. A garinmu akwai tsohuwar tsamiya a bakin kasuwa. Lokacin da za a faɗaɗa hanya aka ce sai an sare ta, sai da dattawa suka je suka yi mata sallama, aka ba ta kwanaki, don duk abin da ke zaune a cikinta ya tashi. Wasu sun ce camfi ne. Ni dai na san ko ba kowa a ciki, abin da ya girme ka ba ka afka masa ba sallama. Wannan kuwa an same ta a gidanta cikin sanyinta, an sa mata zarto a ƙafa, an aske ta, an ɗaure ta a cikin jirgin ruwa, don wata yarinya ta tsaya a gabanta a ɗauki hoto.

Na tambayi Bitrus ko ofishinsu zai iya karɓo mini fasfo. Ya daina wasa. Ya ce ana iya yi mini takardar komawa gida, amma hanyar doguwa ce, kuma in Madam ta riga ta kai ƙara cewa na gudu, zan iya kwana inda ba na so kafin a warware. "In biki ya kusa, lallaɓa ka karɓi abinka da hannunka. Jeka cire wa tsohuwa hula, Allah ya sa ba ka makara ba."

Da na koma ban ko cire takalmi ba na hau tsani. Na ɗaga gwangwanin, na tura yatsu cikin gashin a hankali. Na biyun da suka mutu ramin ya bushe ƙayau. Na ta ukun, can ƙasa, na ji wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu tauri, kamar ka tura hannu ƙarƙashin kaza mai kwanci. Na kawo tiyo na sake mata ruwa a ka. Ruwan bai gangaro ba sai da aka jima. Shanye shi take yi. Na tsaya a kan tsanin nan ina jin kunya kamar na hana baƙo ruwa a ƙofar gidana.

Daga ranar na sake aiki. Na samo buhunan algarara na naɗe ta da su, ina jiƙa su kamar yadda muke yi wa tulu da bazara. Na kafa mata rumfa da tabarmin kaba. Madam ta leƙo daga baranda ta yi ihu, wai an mayar mata da gida kasuwar gawayi. Na yi ta ba ta haƙuri har ta yarda a ja tukunyar zuwa bayan gida, jikin bangon da rana ba ta kaiwa, wurin da ake ajiye shara. Biyun da suka mutu aka bar su a bakin tafki. Usta Rajab ya zo ya soka musu robarsa. Madam ta san roba ce, amma sai ma ta ce sun yi kyau.

Sanyin Masar ya shiga. Ba ya kama da namu, shi jiƙaƙƙe ne, yana bin ƙashi. Hannuwana suka tsattsage saboda ruwa. Amma na lura ita sanyin daɗi yake mata, sai na daina tsine masa. Kullum da safe in na zo da tiyo nakan ce, "Iya, an tashi lafiya? Ya baƙunta?" Mai gadin gidan ya ji ni wata rana, ya juya yatsa a gefen kansa. Ban damu ba. Duk gidan nan, mu biyu ne aka kawo daga nesa aka karɓe wa ƙafa.

Wata safiya na hau tsani na ga abu ya ɗago daga ramin. A nannaɗe yake kamar wutsiyar hawainiya, da gashi ja-ja kamar ɗan akuya sabon haihuwa. Na sauko, na sake hawa don in tabbatar. Na ɗauki hoto na tura wa Bitrus. Ya aiko da murya yana ihu, ana jin mai na soyuwa a bayansa: "Bakano ya yi abin kirki sau ɗaya a tarihi! A rubuta!" Wutsiyar ta riƙa warwarewa kullum kaɗan, har ta zama ganye mai tsawon hannu, laushinsa kamar lallen da aka tankaɗe. Wasu suka biyo ta. Ba su da yawa, kuma sun fi karkata gefe guda, wajen da haske yake. Amma kore ne na Allah. Na kira Hadiza na ce ta fara shirin tarbata.

Ana gobe biki aka cika gidan da ma'aikata. Aka ja Iya aka mayar da ita bakin tafki, tsakanin 'yan'uwanta biyu. Na cire mata buhuna, na wanke ta, na tsaya gefe ina jiran Madam. Sai ga mai ƙawata wurin biki, wani siriri mai matsattsen wando da waya biyu a hannu. Ya ja baya, ya haɗa yatsu kamar mai ɗaukar hoto, ya ɓata fuska.

"Ta tsakiyar nan ba ta da lafiya ne?"

Na ce, "Ita ce mai lafiyar. Waɗancan matattu ne."

Bai ko dube ni ba. Ya ce wa Madam, "Dubi na gefe, a cike, a zagaye. Dubi wannan, kamar kazar da aka fige rabi. A nan amarya za ta tsaya. Ko su zama iri ɗaya, ko a fitar da ita, kuma biyu ba sa yin kyau a hoto."

Madam ta kalli na robar, ta kalli Iya. Ta ce, "Rajab, gyara ta."

Na sha gabanta. Larabcina duk ya watse, na haɗa da Hausa. Na ce a ƙara robar a gefe a bar mata nata. Usta ya ce sandar ƙarfen da ke riƙe ganyen da fitilu a tsakiya take shiga, sai an daidaita kan an huda. Na ce a mayar da ita bayan gida, a sa wani abu a wurin. Na ce wannan ramin shi ne ranta, in aka taɓa shi shi ke nan. Na ce ta girmi kakan kakan duk wanda ke tsaye a nan.

Madam ta dafa mini kafaɗa da 'yan yatsu biyu, yadda ake taɓa abin da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. "Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Adam. Icce ne."

Usta Rajab ya hau tsanina, wanda na hau kullum da tiyo, da zarto a hannu. Na ce ya dakata. Ya ce, "Me kuma?" Na matsa na dafa jikinta, yana nan da danshin ruwan safe. Na ce, "Iya, sallama. Ki yafe." Ma'aikatan suka fashe da dariya, wani ya ce a kawo wa shaihi carbi.

Zarton bai yi ƙara ba, don kan nata laushi ne da shi. Ya faɗo kan tayil da ganyayensa. Aka kawo injin huda, aka zura ƙarfe, aka soka roba, aka naɗe ta da ƙananan fitilu. Kafin la'asar su uku sun zama iri ɗaya, ba mai iya cewa ga wadda ta yi numfashi da safe.

Madam ta fito ta duba, ta tafa hannu. "Tamam! Ka ga kore?" Ta aika aka kawo jakarta, ta ciro fasfona ta miƙo mini a gaban kowa, tana murmushi kamar mai ba da sadaka. Yana ƙamshin turarenta. Usta Rajab ya sauko yana karkaɗe hannu, ya raɗa mini, "Da ka ji maganata, da ba ka fasa hannunka a banza ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi komai ci mini rai. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni na dafa, ya nuna, aka zubar da romon a gabana, aka ba ni lada a kan dutsen.

Na tsinci kan Iya a cikin shara, tsakanin kwalaye da ledoji. Na buɗa gashin da yatsa. Akwai wasu 'yan wutsiyoyin a ciki, a jere, ƙanana, ba su kai ga fitowa ba, kamar ƙwayayen da ake tararwa a cikin kazar da aka yanka. Na kai shi bayan gida, jikin bangon da ta zauna lokacin sanyi, na haƙa rami na rufe. Ban tsaya bikin ba. Na ɗauki jakata na tafi Hadayek el-Maadi, inda Bitrus ke da ɗan ɗaki. Ya buɗe ƙofa da shirin tsokana, ya ga fuskata, ya haɗiye. Ya zuba mini abinci, ya duba fasfon ya ce iƙamar ma an buga ta tuntuni, ajiye shi kawai aka yi. Shi ya raka ni har na sami jirgi. A wurin rabuwa ya ce, "Ado, ka gai da gida." Ranar ce kaɗai ya kira sunana.

Yanzu ina Kadawa, na karɓi lambuna, da yamma ina zuwa ajin manya, inda na koyi riƙe alƙalamin da nake wannan rubutu da shi. Mutane kan tambaye ni ko na ga dala, ko na ga kabarin Fir'auna. Nakan ce na gani daga nesa. Ba na ba su labarin Iya, don na gwada sau ɗaya a majalisa aka ce Ado ya je Masar ya dawo yana makokin icce.

Ran da ruwan farko ya sauka bana, ina tsakar gida. Kowa ya ruga rumfa, ana kwashe shanya. Ni na cire hula na tsaya. Hadiza ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, lafiya? Ruwa fa ke dukanka."

Na ce, "Bar ni tukuna. Akwai wadda nake sha wa."